Jar Motar Yayana da Hanyar Kebbe

Shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur ya cika ƙasa kuma ba a daɗe da yi mana Jihar Sakkwato ba, yayana ya samu kwangilar kai siminti da rodi wurin aikin hanya. Cikin shekara biyu ya tashi daga tela a bakin kasuwar Tambuwal ya koma Alhaji mai babbar mota. Ni kuwa lokacin na fito daga kwalejin horon malamai, ina koyarwa a firamare, ina ganin daga Dogon Daji har Jega babu wanda ya kai ni wayewa, saboda ina da wando mai faɗin ƙafa da rediyo mai cin kaset.

Wani Bature injiniyan aikin hanyar zai koma ƙasarsu, ya sa motarsa a kasuwa. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Yayana a-kori-kura ya yi niyyar saye don hidimar gida da ta gona. Ni na hana shi sakat. Na ce masa a-kori-kura kowane ɗan kwangila yana da ita, amma wannan ko a Sakkwato sai a juyo a kalle shi. Kwana uku ina binsa da wannan magana har ya saya. Gaskiyar ita ce, ni nake son a gan ni a ciki.

An kuwa gan mu. Bisa kwalta motar ba ta da abokiyar gudu. Mahaifinmu malami ne mai karantarwa a zaure, bai taɓa shigarta ba, bai kuma taɓa kushe ta ba. Ranar da aka kawo ta ya fito ya yi mata addu'a, ya koma kan buzunsa.

Da damina ta kankama, mahaifinmu ya tafi Kebbe sunan jikan wani tsohon ɗalibinsa. Motar kasuwa ya bi, da niyyar ya kwana biyu. Rana ta uku da hantsi wani mutum ya iso gidanmu a kan keke, tufafinsa duk taɓo, ya ce ciwon ciki ya kama Malam tun jiya, ba ya iya miƙewa, mai ɗakin shan magani ya ce sai babban asibiti. Babbar motar yayana tana Sakkwato ɗaukar siminti. Motar Kebbe kuma sai ranar kasuwa. Abin da ke ƙofar gida kawai jar motar nan ce.

Mahaifiyata ta miƙo mana bargo da matashi ta ce mu shimfiɗa masa. Sai da muka fita gari na dubi bayana, na ga babu inda za a shimfiɗa komai. Na gaya wa yayana. Ya ce in mun isa ni zan zauna a Kebbe, shi ya taho da Malam a zaune, a tallafe shi da matashin.

Wanda ya san hanyar Kebbe ta wancan zamani ya san abin da nake nufi. Manyan motoci sun haƙe ta gefe biyu, tsakiya ta yi tudu. Motar da ke tashi sama bisa kwalta ta koma tafiyar hawainiya, cikinta yana gurzar ƙasa, ina sauka ina ture duwatsu. Mun ci fiye da rabin hanya sai muka ji ƙara a ƙarƙashi. Dutse ne da ruwa ya rufe. Ya fasa tukunyar baƙin mai, muna kallo man ya malale bisa ruwan taɓo. Inji ya yi tari ya mutu.

Da ƙafa muka ƙarasa, yayana ya tattare babbar rigarsa, ni ina rungume da bargon da ban san dalilin ɗaukarsa ba. Mun isa bayan la'asar. Malam ya gane mu. Ya tambayi mahaifiyarmu, ya tambayi wa ke jan karatun zaure, bai tambayi mota ba. Mutanen gidan suka haɗa amalanken shanu don a fito da shi bakin kwalta da asuba, amma kafin a ɗaura shanun ya cika. A Kebbe aka yi masa sutura.

Na san ajali ne. Na kuma san mai yiwuwa ko da jirgin sama muka je ba za a canja komai ba. Malamai da yawa sun gaya wa yayana haka, ya ce ya yarda. Amma da aka janyo motar zuwa Tambuwal, sai ya sa aka tura ta rumfar bayan gida. Bakanike ya zo har sau biyu ya ce aikin yini ɗaya ne, yayana ya sallame shi. Bai taɓa ce mini ni na sa shi sayenta ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Bayan ƴan shekaru kuɗin ƙasa ya ja baya, kwangila ta ƙafe, ya sayar da babbar motar, ya koma kan keken ɗinkinsa. Jar motar tana nan, kaji suna ƙwai a kujerar direba, matan gida suna shanya kuɓewa bisa murfin injinta. Ƴan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun sha tayawa, ya hana.

Muna tsofaffi duka biyu, wani ɗan kasuwa ya zo daga Legas da tafinta. Sana'arsa ke nan, bin garuruwa yana neman tsofaffin motocin gudu yana tura wa masu tara su a ƙasashen waje. Ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa ya leƙa ƙarƙashinta, ya goge wata lamba da yatsa, ya tashi yana murmushi. Ya nuna mana a wayarsa yadda ake gwanjon irinta, farashin kullum sama yake yi. Abin da ya taya ya fi darajar gidan da motar take ciki. Na ce masa cikinta fa a fashe yake. Ya ce wannan ba komai ba ne, masu sayenta ba hawa suke yi ba, lambar suke saye da kasancewar irinta ta yi ƙaranci a duniya.

Sannan ya ce wa tafinta ya tambayi Alhaji tarihinta, wai labari mai daɗi yana ƙara wa mota kuɗi. Yayana ya juya ga tafintan.

“Gaya mishi rana guda na buƙace ta tun da nis saye ta,” ya ce. “Rannan da jaki nike da shi da na isa da wuri. In wanga na ƙara kuɗi, shi rubuta.”

Tafintan bai fassara ba. Ya ce wa maigidansa wai Alhaji ya manta.

Ƴaƴan yayana suka matsa masa, don idonsa na buƙatar aiki kuma rufin gidan yana yoyo. Ya yarda. Ranar da aka ɗora ta bisa tirela unguwa duka ta fito kallo, shi yana ɗaki. Na shiga na same shi zaune bakin gado, na ce, “Yaya, ni na sa ka saye ta. Ka yafe mini.” Shekara arba'in da wani abu maganar tana bakina. Ya ce shi ya ƙirga kuɗin da hannunsa, babu wanda ya riƙe masa wuya, in tashi in duba kada tirelar ta rushe masa katanga. An yi aikin idon, ya gani na wata bakwai, Allah ya karɓi abinsa.

Kwanakin baya jikana ya nuna mini hotonta a intanet. An yi mata sabon fenti, tana tsaye bisa ciyawa a wata ƙasa mai sanyi, an ninka farashin da aka ba mu. An rubuta cewa mutum ɗaya ne ya adana ta cikin kulawa a busasshiyar ƙasa. Jikan ya ce an cuce mu, ya tambaye ni nawa ne ainihin darajarta.

Ban ce masu sayenta wawaye ne ba, don ni ma na taɓa ganinta na rikice, kuma a hoton har yanzu tana da kyau. Amma na lura farashinta ya fara hawa ne bayan ta daina kai kowa ko'ina, kuma masu ƙara shi mutane ne da ba za su taɓa buƙatar ta kai su wurin mara lafiya ba. Na ce wa yaron ya kashe wayar. Duk shekara ina zuwa Kebbe ziyarar kabarin Malam, a bayan babur, kuma har yau in mun zo daidai wurin nan nakan ce wa mai babur ya rage gudu, ban taɓa gaya masa dalili ba.