Lilak ɗin Gwaggo Dobrila

Gwaggona Dobrila ta dawo ƙauyenmu daga Jamus bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta tana goge daɓen wani asibiti. Ta dawo da ciwon gwiwa, da akwatuna cike da labule, da bakin da ba ya raga wa kowa. Mijinta ya mutu a can, ɗanta kuma ya ƙi biyo ta.

Gidan kakanmu tuni an raba shi biyu da shingen waya. Ɓari ɗaya nata ne, ɗayan na yayanta Stanimir, wanda shi ma ya rasu ya bar matarsa, Inna Radoika. Matan nan biyu ba sa ga maciji tun rasuwar kakarmu. Inna Radoika ce ta yi jinyar tsohuwar, ta kwashe kashinta da fitsarinta, ita kuwa Gwaggo sai aiken sabulu da cakulan. Da ta zo jana'iza, ko hawaye ba su bushe ba ta tambayi inda keken ɗinkin uwarta yake. Inna Radoika ba ta manta ba.

A ɓangaren Inna akwai tsohon lilak, wata bishiyar fure, da ya fi rufin ɗaki tsawo. In watan Mayu ya kama, furensa kan sauko curi-curi, ƙamshi ya cika layin. Gwaggo ta so irinsa, amma da ta roƙi tsiro a wajen matar yayanta gara ta mutu. Da gwiwar nan tata ta hau dutsen bayan gari, inda lilak ke fitowa da kansa a tsakanin duwatsu, ta haƙo wani ɗan ƙarami ta dasa a gindin tagarta.

Shekarun farko babu wanda ya yi magana, don kowa ya san ƙaramin lilak ba ya gaggawa. Amma ya kai ƙugu, ya kai kafaɗa, ganyensa kore shar, fure ko ɗaya babu.

Kula kam yana samu. Duk kaka, in ganye ya fara zuba, Gwaggo takan ɗauko almakashi ta aske shi zagaye kamar kwando, yadda ta ga ana yi wa shuke-shuken ƙofar asibitinta. Wata kaka almakashinta ya dakushe, sai ga Inna Radoika ta miƙo na marigayi Stanimir ta saman shinge.

"Ungo, 'yar Jamus. Wannan ya fi ci."

Bayan kwana biyu kuma ta turo bokiti cike da kashin kaji, ta ce a zuba a gindinsa kada a yi rowa. Gwaggo ta karɓa ba godiya. Ni da nake kai mata madara har na ce wa babana ƙila sun fara shiryawa. Ya dube ni kawai ya ci gaba da cin abincinsa.

Watan Mayu ya zagayo, lilak ya ƙara ganye, fure shiru. Gwaggo ta fara neman mai laifi, kuma ba ta yi nisa ba. Da farko ta ce inuwar tuffar Inna ce, ta sa tsani ta sare reshen da ya leƙo ɓangarenta, da 'ya'yansa da komai. Daga baya ta ce Inna na zuba ruwan gishirin kabeji ta ƙarƙashin waya. Ta tone gindin shingen tana neman abin da aka binne, ta sami tsohon cokali, ta kai wa limamin coci. Ya ce cokali ne. Ta daina gaishe shi.

Inna Radoika kuwa takan yanko furen nata ta cika tulu, ta ajiye a kan teburin da ke daf da shinge, ta zauna tana shan gahawa.

"Ya mai jikin?" takan tambaya, tana nuna lilak ɗin da haɓa. "Har yanzu bai haihu ba?"

"Ki ji da kajinki masu ƙwarƙwata."

"Ai ya biyo mai shi ne. Ado a waje, ciki ba komai."

Asiri ya tonu ranar bikin da danginmu ke yi duk shekara don tunawa da waliyyin gidanmu, a ɗakin babana. Dangi sun cika, an yanka burodin biki, ana cin naɗin kabeji da nama. Wata baƙuwa ta yaba ƙamshin da layinmu ke yi a watan Mayu. Gwaggo ta ajiye cokali ta ce, a gaban kowa, da ƙamshin ya ninka in da wata mayya ba ta ɗaure mata shuka ba.

Inna Radoika ta goge bakinta a hankali.

"Dobrila, ni ban taɓa shukarki ba. Ke kike yanke furenki da hannunki. Lilak tun lokacin zafi yake ƙulla furen baɗi a bakin rassa, ke kuma kaka na yi sai ki bi ki aske su tas. Kashin kaji kuwa ganye yake sa shi, ba fure ba. Uwarki ce ta koya mini, lokacin da kike can kina aiko sabulu."

Gwaggo ta juyo gare ta.

"Kin sani, kika ba ni almakashi?"

"Har kai shi na yi aka wasa miki shi."

Wani daga ƙarshen tebur ya tuntsire da dariya, babana ya harare shi. Gwaggo ta miƙe, ta ɗauki mayafinta ta fita, ko ƙofar ba ta rufe ba. Washegari aka ga almakashin Stanimir a cikin kwatamin aladun Inna.

Mun zaci za ta bar shukar ta huta. Amma kaka na zuwa ta sayo sabon almakashi a gari, ta jira har Inna ta fito shanya, ta aske lilak ɗin fiye da kullum.

Na ce, "Gwaggo, ai kin ji abin da aka ce. Ki bar shi ko shekara ɗaya."

"Wa ya gaya miki fure nake so? Atishawa yake sa ni. Don ganye na dasa shi."

Haka ta riƙa yi duk shekara. Ba su ƙara magana kai tsaye ba, sai dai kowacce ta gaya wa kajinta ko kyanwarta abin da take so ɗayar ta ji.

Wani hunturu Gwaggo ta zame a kan ƙanƙara a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya karye. Inna Radoika ce ta ji nishinta. Ba ta tsallaka shingen ba, ta tako har gidanmu ta ce wa babana, "Je ka ɗauki 'yar'uwarka, tana kwance a tsakar gida."

Ɗanta ya zo ya tafi da ita Jamus, can ta rasu. Ya sayar da ɓangarenta ga wasu mutanen birni, suka tumɓuke duk abin da ke tsakar gidan suka malala siminti saboda mota. Yanzu in an yi ruwan sama, ruwan simintin kan gangara cikin lambun barkonon Inna Radoika, ita kuma tana jiran su a bakin shinge duk ƙarshen mako.