Kwantenar da Ke Zuwa a Aljihun Shofer

A shekarar da na dawo Gaya daga karatu, kawuna ne shugaban koperatif ɗin manoman shinkafa na bakin kogi. Gonarsa tana can wutsiyar kanal, inda ruwa ke isa a gajiye, in ma ya isa. Duk shekara rabon ruwa faɗa ne: masu gona kusa da fanfo su sha su ƙoshi, na ƙarshe su tsaya suna kallon dashensu yana ja. Sai kawu ya miƙe a gaban jama'a ya ce ɗan ƙanwarsa zai sa ordinater, wato kwamfuta, ta riƙa raba kwanakin ruwa, ba sani ba sabo. Aka ba shi wa'adi zuwa taron da ake yi kafin dashe. In abin bai tashi ba a koma yadda aka saba, kuma kowa ya san kujerarsa ba za ta kai labari ba.

Bai shawarce ni ba kafin ya ɗauki alkawarin. A bakin mai shayi na ji.

Rubuta manhajar bai ba ni wuya ba. Wuyar ita ce ɗora ta a kan tsohuwar serber, wato injin da zai riƙe ta a biro, ofishin koperatif, kowa ya duba daga wayarsa in ya shigo harabar. A sana'armu ba a kai manhaja tsirara. Ana haɗa ta da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, kamar guzurin matafiyi, a ɗaure, a gwada, sannan a kai. Ƙunshin shi muke kira imaj, in an kunna shi ya zama kwantena. To, haɗa imaj yana son sauko da kaya masu nauyi daga intanet, ni kuwa rezon gidanmu, wato sabis ɗin waya, sai addu'a. Wayata takan kama na Benin da safe, da rana ta leƙa na Najeriya, ta dawo hannu rabbana. Sau nawa ina zaune abu ya kusa kammala ya tsinke, in sake daga farko ina cizon yatsa.

Dole na nemi wani abokin karatuna a Yamai, mai rezo kamar ruwan famfo. Ni in tura masa rubutun, tunda rubutu ba nauyi, shi ya haɗa imaj, ya gwada, ya zuba a kile, wato ɗan filas, ya ba shoferen kar, motar fasinjan Gaya. Haka kwantenarmu ta riƙa tafiya, a aljihun riga tare da goro. Ni kuma in je tasha in tsaya cikin masu jiran buhunan albasa.

Kile ta farko ta iso, na kunna, kwantena ta tashi ta faɗi nan take. Da na duba, ashe tana farkawa sai ta miƙa hannu intanet neman wani guntun kaya da ba a sa mata a ciki ba. Biron koperatif kuwa ko ƙamshin intanet babu. Na kira abokin nawa.

"Mutumina, wajena fa lafiya lau take tafiya," in ji shi. "Gwaji duka ya yi kore, ba kuskure ko ɗaya."

"Da rezo ka gwada ko?"

"To da me zan gwada?"

"Don Allah kashe shi ka gwada. Nan ba Yamai ba ce."

Ya yi dariya ya ce an gama. Ba mugun mutum ba ne, kuma kyauta yake yi mini, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don ba ka iya yi wa mai taimakonka tsawa. Sai dai in kashe waya in zagi bango.

Ta biyu ta yi nawa a hanya, don shoferen ya yi canjin mota da wani, kile ta koma Yamai ta sake dawowa. Wannan karon kwantena ta tashi, har na yi hamdala. Na buɗe shafin, sai fari fat. Taswirar gonakin da kanal ɗin, ita ma daga waje ake jawo ta. Abokin nawa ya cike ramin farko da na nuna masa, amma bai kashe rezon ba, don a ganinsa wannan ƙauyanci ne. Gwajinsa ba ƙarya ya yi ba: a ɗakinsa komai daidai ne.

Kullum da la'asar kawu zai biyo ta biro, ya tsaya bakin ƙofa da laka a ƙafa.

"Ɗana, wanga abu naku ya taho?"

"Yana hanya, Kawu."

"To, Allah shi kawo shi."

Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ana jibi taro na kira abokina na ce ba zan ajiye waya ba sai na ji ya zare igiyar rezonsa. Ya zare yana gunaguni. Can ya ce, "Kai, ashe da gaskiyarka." Ya gyara, ya gwada ba rezo, komai ya yi. Amma motar ranar ta riga ta tashi, ta gobe kuma ta lalace bayan Doso. Na gwada sauko da imaj ɗin ta waya, ya tsinke mini kamar kullum.

An yi taro ina zaune a biro gaban ekaran, allon ordinater, babu komai a kai. Ban shiga ba, amma ina jin hayaniyar ta taga. Aka koma tsohon rabo, aka ba wani mai gona kusa da fanfo shugabanci.

Washegari kile ta iso. Na kunna, kwantena ta tashi tsaf, ga taswira, ga kowace gona da ranarta. Ban taɓa jin haushin abu mai kyau irin na ranar ba. Kawu ya shigo, karo na farko ya ƙetare bakin ƙofar, ya sunkuya yana kallo.

"Ina tawa?"

Na nuna masa.

"Yaushe ta ce in sha?"

"Talata da safe, Kawu. Kowane mako."

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya miƙe ya ce, "Rufe, ɗana. Ka kai musu makullin biron, yanzu ba namu ba ne."