Zoben Gwaggo a Yatsana

Shekarun baya, tun furfura ba ta gama cinye mini gemu ba, na yi wata ɓarna da har yau in na tuna sai in dubi ƙaramin yatsana na hagu in ce masa, "Kai dai ka sha da ƙyar."

Matata taubashiyata ce, 'yar gwaggona. Wanda ya san wasan taubasai ya gane inda na dosa. Tun muna yara nake ɓoye mata takalmi, ita kuma ta zuba mini barkono a fura. Da aka ɗaura mana aure manya suka ce to, yanzu sai a yi hankali. Ita ta yi. Ni ban yi ba. Boko ma a aji uku malaminmu ya ce wa babana gona ta fi buƙatata, kuma bai yi ƙarya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, gwaggo ta rasu da damina. Ba ta bar wani abin duniya ba, tabarma ce da tasbaha da 'yan kwanuka. Amma kwana biyu kafin ta cika, ta zare zoben azurfarta da kanta ta sa wa matata. Siriri ne, ya sha hannu har zanen jikinsa ya goge. Matata ba ta cire shi sai in za ta matsa ƙuli, don mai yana sa shi sulɓewa. Sai ta ajiye shi a kan murfin randa.

Wata safiya da kaka, zan tafi ɗaurin dawa a gonarmu ta bayan garin Ƙarfi, na zo shan ruwa na ga zoben a kan murfin. Ita tana can ta duƙufa a kan turmi. Zuciya ta ce mini, ɗauke shi, ta ɗan yi nema, da azahar ka dawo ka nuna mata ku yi dariya. Aljihun rigar gonata a huje yake, sai na zura shi a ƙaramin yatsa. Ya tsaya a gaɓa. Mai hankali a nan zai tsaya shi ma. Ni na tofa masa miyau na murɗa har ya shige.

A gona muna tare da abokina, wanda muke yi wa juna aiki, yau tawa gobe tasa. Hantsi ya ɗaga, na sa hannu ƙarƙashin dami zan ɗaga, sai na ji kamar an soka mini allura da aka gasa a wuta. Kunama. Duk yatsun da Allah ya ba ni guda goma, ba ta zaɓi kowanne ba sai mai zoben.

Abokina ya ruga ya kwance robar da yake ɗaure kaya a bayan babur, ya ɗaure mini wuyan hannu tamau, wai kada dafi ya hau zuwa zuciya. Haka muka taso muka ga ana yi. Ni ina rawar da ban taɓa yi ba ko a bikina, ba wanda ya tuna da zobe. Kafin a jima hannu ya tashi kamar fanke, yatsan ya yi suntum, zoben ya nutse cikin nama.

Abokina ya ƙura ido. "Kai, yaushe ka fara sa zoben mata?"

"Ja mini shi, ka bar tambaya."

Ya ja, na yi ƙara. Muka sa miyau. Muka tsinko kuɓewa a gonar maƙwabci muka shafa yauƙin. Har baƙin man babur muka gwada. Kowane ja, kumburi ƙaruwa yake. Kan yatsan ya fara yin baƙi kamar ɗinya, kuma na daina jin sa sosai. Nan wasa ya fita daga kaina.

Ya goya ni zuwa wurin wani maƙeri a cikin gari. Tsohon ya juya hannun, ya ɗauko zarto ya hure shi.

"Malam, abu biyu ne, ko zobe ko yatsa. Yanzu zan raba zoben biyu ka huta."

Na janye hannu. "Ba nawa ba ne, Baba."

"To yatsan fa, shi ma na aro ne?"

Abokina ya yi ta lallashina, ya zage ni, ya sake lallashi. Na ce a kai ni gida. Mai abu ita za ta faɗa.

Abin da na tarar a gida ya fi harbin kunamar ciwo. An share tsakar gida tas, an tankaɗe toka, an kife randa. Tunkuzar da take matsa tun safe ta farfasa ta gaba ɗaya tana lalube. Tana zaune a ƙasa, hannu duk mai, idanu jajur. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗago ta ce, "Malam, na yar da Inna."

Ba ta ce zobe ba. Inna ta ce.

Hannuna yana bayana. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na fito da shi a hankali na miƙa mata.

Ta dubi hannun, ta dube ni, ta sake duban hannun. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na saya. Sai na ji ta ce wa abokina, "Ku koma wurin maƙerin, a yanke zoben."

Na ce, "Na gwaggo ne fa."

"Na sani. Inna ta riga ta tafi. Wannan shashashan shi ne ya rage mini."

Na nemi turmi na zauna, na ce ba inda za ni. In yatsa ne ina da tara. Ta ce ai hankalin ne babu ko ɗaya. Ta share ido da gefen zane, ta matso.

"Wa ya ɗaure wannan robar?"

Abokina ya dubi sama kamar yana neman hadari.

Ta kwance robar ta yar. Ta sa ya ɗebo ruwan tulu mai sanyi, ta tsoma hannun, sannan ta sa na ɗaga shi sama da kaina na jima, kamar ɗan aji da ya san amsa, abin da ban taɓa yi a aji ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko baƙin zaren da take yi wa matan unguwa kitso da shi. Ta lakato man gyaɗa ta shafa, ta tura bakin zaren ta ƙarƙashin zoben da tsinken kitso. Sai ta shiga naɗe yatsan daga bakin zoben zuwa sama, zagaye kusa da zagaye, tana matse kumburin har ta wuce gaɓa.

"Haka Inna take cire wa masu ciki in hannunsu ya kumbura," in ji ta. "Su ba sa kuka."

Ni na yi. Har akuyarmu ta tsinke igiya.

Ta kama bakin zaren na ƙasa ta fara warwarewa. Kowane zagaye, zoben ya matsa kaɗan. Da ya zo gaɓa ya cije, zaren ya tsinke. Ta yi bisimilla ta sake daga farko. A karo na biyu na ji ƙararsa a cikin kwanon mai. Ta tsamo shi, ta wanke, ta mayar a yatsanta, ta shige ɗaki. Abokina ya kai ni asibitin gari, ma'aikacin ya yi mini allura, ya kuma wanke mu tas a kan ɗaurin robar nan.

Kwana uku ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci". Rana ta huɗu ta miƙo mini fura. Kurɓa ɗaya, na ji kunnuwana sun buɗe. Barkono ne kamar an juye kasuwar Funtuwa a ciki. Na shanye tas, hawaye na zuba, ina murna.

Ni na ɗauka tunda an yi sadakar arba'in, an daina zuwa gaisuwa, to makoki ya ƙare. Ashe nata yana nan, a yatsa take yawo da shi. Muna ɗaki ɗaya ban gani ba. Ban daina tsokana ba, kada ku ce na zama waliyyi, amma yanzu nakan duba abin da zan taɓa tukuna.

Har yau akwai ɗan farin zane da ya zagaye yatsan. Kuma har yau in za ta matsa ƙuli ni take miƙa wa zoben, ta ce, "Riƙe mini. A tafin hannu, ba a yatsa ba." Sai in zauna kusa da ita hannu a buɗe kamar mai addu'a. Tunda hannun ya riga ya buɗe, sai in yi wa gwaggo addu'ar. Allah ya jiƙanta.