Anti Tsefe da Layin da Ya Yi Ɓarna

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga ofis, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta buɗe rahoton na'urorin da suka sume jiya. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Anti Tsefe ake ce mata, don layi-layi take tsefe manhaja. A kanel take aiki, wato uwar manhajar da ke raba wa kowace manhaja ɗakinta a ƙwaƙwalwar na'ura. In wata ta yi rubutu a ɗakin maƙwabciya, maƙwabciyar ce ke faɗuwa, mai ɓarnar kuwa tana tsaye ƙalau.

Bara na'urorinsu masu lura da sanyin firjin allurar rigakafi suka riƙa sumewa duk bayan kwana tara ko goma. Kullum a ɓangaren manhajar Baban Biyu suke faɗuwa, abokin aikinta mai tebur a bakin taga. Manaja ya ba shi mako biyu: ya gyara ko ya tattara komatsansa.

"Anti, na karanta abin nan har mafarkinsa nake yi," in ji shi.

"A mafarkin ma ba ka gano ba? Matso, ƙanena. Inda aka faɗi kake ta dubawa, ni tuntuɓen nake nema."

Ta sa kanel ya cika duk ɗakin da aka saki da lamba ɗaya, ta ɗana tarko ga wanda zai taɓa ta. Ta jera na'ura shida, ta zuba ido. Rana ta goma sha ɗaya tarko ya kama. Wani layi ne ke komawa ya yi rubutu a ɗakin da ya riga ya saki. Ta duba sunan wanda ya rubuta shi. Nata ne, tun shekara takwas baya.

Ba wanda ya gani sai ita. Da ta gyara shiru, da magana ta mutu. A taro ta haska layin a bango.

"Ranka ya daɗe, ga mai laifin. Ni na haife shi."

Manaja ya yi gyaran murya, ya rufe taron. Ƙarin girman da take jira ya wuce ta. Baban Biyu yana nan a teburinsa.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba firjin da ke ɗauke da sunanta.

Anti, ke ce mai tsintar allura a ruwa, ko da ita za ta soke ki. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma masu tasowa, in kun bi sawun ɓarna har ya kai ku ƙofar gidanku, kada ku juya. Ku shiga.