Daƙiƙa Biyu a Waƙar Inna

Abu ɗaya Inna ta bari a duniya wanda kunne zai iya ji, shi ne wani tsohon kaset. Wani ma'aikacin furoje, aikin raya karkara, shi ne ya ɗauke shi a tudun garinmu, can bayan Keita, lokacin da mata ke jidar duwatsu ana jera su don a tare ruwa a fako. Inna ce mai ba da waƙa, sauran mata suna amsawa, kowace da dutsenta a ka. Mutumin ya yi kirki, ya kawo wa Baba kaset ɗin har gida. Ni ina goye a lokacin, labari kawai na tarar.

Bayan rasuwarta Baba ya mai da kaset ɗin abokin zama. Idonsa ya yi rauni, gona ta koma hannun yara, sai dai kullum bayan la'asar ya jingina da bango, ya danna rediyo, yana buga ƙafar dama a ƙasa. Sau uku rediyon yana tauna zaren, sau uku ina liƙe shi da jan farce. Daga baya rediyon ya mutu murus. Ƙanena ya aiko masa da wani daga Aljeriya, mai kyau da ƙara, amma ba ya cin kaset, sai faifan sede. Baba ya shafa shi sama da ƙasa bai sami inda zai sa kaset ba, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Ni malamar lakwal ce a Madawa, kuma ina da tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, da na saya hannun wani da aka yi wa canjin wurin aiki. Jarrabawar yara kawai nake bugawa da ita, amma a ganina hakan ya isa in ɗauki kaina masaniya. Na ce wa Baba ya ba ni kaset ɗin in mai da shi faifai. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata.

"Uwata, in wani abu yas same shi hwa?"

"Ba abin da ka samu nai, Baba. Sati guda in maido maka."

Ya daɗe yana juya shi a hannu kafin ya naɗe shi cikin tsohuwar hularsa ya miƙo mini.

Akwai wani mai siber, shagon intanet, kusa da tashar Madawa, mutum mai baki da yawan wayoyi. Shi ya haɗa rediyon kaset da odinatar ɗinsa, ya kwashe waƙar duka. Bai tambaye ni ba ya yanka ta gida biyar, wai haka ake yi wa faifan mawaƙa don a riƙa tsallakawa. Da ya zo mai da zaren baya sai na ji ƙarar da na sani. Ya buɗe, zare ya zubo kamar taliya, ya tsinke a wuraren da jan farcen duniya ba zai liƙe ba.

"Madan, ki yi haƙuri, dama ya tsuhwa," in ji shi.

Abin da na gaya masa a ranar ba zan so ɗalibaina su ji ba. Na fito da guntaye biyar a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa odinatar, na juye su a tawa. Daga ranar muryar Inna ba ta da wani gida sai wannan tsohon akwati da kile ɗin da na ɗaure a bakin zane.

Odinatar tana da aljihun faifai, amma ba ta da lojisiyel ɗin garabe, wato manhajar da ke buga sauti a jikin sede. Don ya wanke kansa, mai siber ya sa mini wani babba, sananne, na gwaji, wanda zai yi wata guda ya rufe. Na sayi fakitin faifai goma a kasuwa. Na farko ya yi magana a odinatar, amma da na kai shi wurin maƙwabciyata tela, mai rediyo irin na Baba, ko tari bai yi ba. A nan na koyi cewa faifan ajiya daban, faifan sauti daban. Na biyu ya kama. Muryar Inna ta fito tar, tana cewa dutse tashi mu tafi, mata suna amsa mata da tudu na jira. Hawaye suka zubo mini, na kashe tun kafin a yi nisa. Ban taɓa iya jin waƙar nan har ƙarshe ba, kuma a ranar ma ban iya ba. Kuskurena ke nan.

Ran Asabar na shiga taksin Buza, daga can na sami ta Keita, na ƙarasa a kabu-kabu, ina ji da kaina. Na jawo rediyon daga ƙarƙashin gado, na sa masa pil, wato batir, na danna. Fuskar Baba ta buɗe, ƙafarsa ta kama aiki. Ana cikin tafiya, Inna ta ɗaga murya za ta miƙa wa mata, sai shiru. Daƙiƙa biyu ne kacal, sannan amshi ya shigo. Amma na ga ƙafar Baba ta tsaya a sama ba ta san inda za ta sauka ba.

"Wa yat tsai da ta?"

"Ba kowa, Baba, haka faifai yake."

"A'a. Uwakki ba ta taɓa tsayawa nan ba. In mai bada waƙa ta yi shiru, ƙahwa ta ɓace ma mata, ta baya ta yi tuntuɓe ta sako dutse bisa ta gaba. Ko lumhwashi ba ta yi sai amshi ya ɗauka."

Sau huɗu shirun yana zuwa, a duk inda mai siber ya yanka. A na huɗu Baba ya lalubi maɓalli ya kashe da kansa.

"Bar shi, Uwata. Ba ni kaset ɗina, ko ban ji ba in riƙe."

Dole na gaya masa abin da ya sami kaset ɗin. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma Madawa da tsohuwar hularsa a jaka, babu komai a cikinta.

Washegari na dira wurin mai siber. Ya ce duk lojisiyel haka yake sa tazara tsakanin waƙa da waƙa, kuma doguwar da ya fara ɗauka ya riga ya share ta. Wai sai dai in sayi cikakken babban nan, shi ne mai gyara irin wannan. Kuɗinsa ya fi na buhun hatsi, kuma da katin banki ake biya, abin da ban taɓa riƙewa ba. Da ya ga fuskata sai ya rage murya, ya ce yana da na sata, zai sa mini kyauta. Na tuna wata abokiyar aikina da aka sa wa irinsa, birus, cutar odinatar, ya shiga ya cinye mata komai har hotunan bikinta. Na ce masa uwata ce a cikin odinatar nan, ba zan buɗe wa ɓarawo ƙofa ba. Ya yi dariya, ya ce in na sami na kyauta mai yin wannan aiki in zo in koya masa. Dariyar nan ce ta ƙarasa tunzura ni.

Ban san odinatar ba, amma na san yadda ake tantance ɗalibi. Na yago takarda daga kaye, littafin rubutu, na ja layi, na rubuta abin da nake nema. Ya zama kyauta, ko mai arahar da zan iya biya a hannu. Ya zama ƙarami, don intanet ɗina ta waya ce, da awo nake sayenta. Ya iya faifan sauti, kada ya shigo mini da tarkacen da ban gayyata ba. Na ƙarshe na ja masa layi biyu da jan biro: ya bar ni in cire shirun.

Hutu ya kama, na gwajin ma ya rufe. Kowace safiya, kafin zafi ya taso a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, nakan zauna in karanta abin da mutane suka rubuta a kan na kyauta, in sauko da ɗaya. Na farko tallace-tallace ne suka cika shi, kowane maɓalli na taɓa sai ya nemi sayar mini da wani abu. Na kore shi a ranar. Na biyu da Ingilishi yake magana, na yi ta lalube har na ɓata faifai biyu ban san laifin da na yi ba. Na uku kyakkyawa ne, mai launi, ga sauri, sai dai saurin ne ya kashe shi, faifan ya fito yana in'ina a rediyon tela. Na sake, na sake, har na gano yadda ake rage masa gudu, in'inar ta tafi amma shirun yana nan daram. Maƙwabciyata ta riƙa karɓar faifan da suka lalace tana rataya su a 'yar gonarta ta bayan gida, wai walƙiyarsu tana korar tsuntsaye. Ta ce in na ci gaba a haka bana ko tsuntsu ɗaya ba zai ci mata hatsi ba. Sai da ya rage mini faifai biyu a fakiti.

Na huɗu mummuna ne, toka-toka, kamar takardar cikewa a ofis. Ko hoto babu a jikinsa, amma da Faransanci yake, kuma bai nemi komai a wurina ba. Na jera guntayen biyar. Sai na lura a gefen kowane akwai wani ɗan gida da aka rubuta 2 a ciki, a samansa an sa tazara. Na danna gidan ina ɗar-ɗar, ya buɗe, ya bar ni in yi rubutu. Na share biyun na sa sifili, na bi sauran duk na yi musu haka. Shekara da shekaru ina ba yara sifili raina yana ɓaci, ban taɓa ba da wanda ya faranta mini kamar waɗannan ba. Na zaɓi gudu mafi ƙanƙanta, na yi bisimilla, na danna. Na zauna ina kallon fitilar kuran ina roƙon kada a ɗauke, har aljihun ya turo faifan da kansa.

Wannan karon ban yarda da kunnena ba. Na sa tela ta tsai da keken ɗinki, na cika bokiti da ruwa na ɗora a ka, na ce ta danna. Na riƙa zagaya tsakar gidanta ina taka ƙafa daidai da waƙar, ita kuwa tana dariya har da riƙe ciki. Wuri na farko ya zo ya wuce ban ji shi ba. Na biyu ma haka. Na zagaya har waƙar ta ƙare, ko ɗigo bai zuba ba, sai wanda ya zubo daga idona. A ranar na fara jin waƙar Inna daga farko har ƙarshe. Na koma ɗaki na buga na biyun ma, don ajiya.

A hanyar tasha na biya ta wurin mai siber, na sa masa faifan a gaban mutanensa. Ya saurara, ya sosa ƙeya.

"Madan, mi as sunan lojisiyel ɗin ga?"

"Nawa kac ce kuɗɗin naka?"

"Haba madan, don Allah."

Sai da ya maimaita don Allah ɗin na rubuta masa a takarda. Na fito bakina har kunne, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Na isa garinmu bayan la'asar, na tarar da Baba a gindin bango, hannuwansa a kan gwiwa. Da ya ji ina jawo rediyon sai ya ɗaga hannu.

"Uwata, kak ki wahal da kanki. Na haƙura."

"Sau guda ɗai, Baba. In ta tsaya, ni da kaina nika kashewa."

Na danna. Da farko ƙafarsa ta ƙi motsi, ya kafe ta a ƙasa kamar mai gardama. Can sai yatsa ya fara, sannan diddige. Na san inda wurin yake, shi ma ya sani, na ga wuyansa ya miƙe yana jira. Inna ta ɗaga murya, mata suka cafe kafin ta sauke, ƙafar Baba ta faɗi daidai inda ya kamata. Ya ƙara wa rediyon murya. Ƙarar ta tsallaka danga. Tsofaffi biyu daga cikin matan da suka yi jidar suka shigo, ɗaya da sanda, ko sallama ba su gama ba suka kama amshi, tudu na jira, tudu na jira, muryarsu ta yau a kan muryarsu ta da. Ni kuwa ina tsaye riƙe da hular Baba, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba ko ranar da na sami aiki.

Waƙar ta ƙare. Baba ya goge fuska da hannun riga, ya juyo inda yake jin numfashina.

"Yau kam ta kai dutsenta bisa tudu," ya ce. "Maido ta hwarko."

Na sa faifai na biyun a cikin hular na ɗora masa a cinya, sannan na durƙusa na danna.