Ƙwan Fitilar da Na Cire a Motar Tsohon Tela

Shekaruna ashirin da tara a lokacin, ina da wata bakwai da buɗe rumfata ta gyaran wayar mota a Asawase. Kafin nan na yi shekara takwas a Magazin, babbar unguwar masu gyaran mota, ina koyon aiki a hannun wani maigida ɗan Asante, mutum marar yawan magana. Ba mu rabu da daɗi ba. Ya ce in ƙara shekara guda domin hannuna bai faɗa ba a aikin cikin altaneta, wato na'urar da ke cika batir idan inji yana aiki. Ni kuwa na ɗauka so yake ya ci gaba da morar ƙarfina. Na kwashe kayan aikina na tafi ko sallama babu, na kuma riƙa gaya wa abokaina a zango, unguwarmu ta Hausawa, cewa babu sauran abin da zai koya mini. Ban faɗi sunan kowa a wannan wasiƙa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye.

A layinmu akwai wani dattijo, tsohon tela, sa'an mahaifina ne, da Baba nake kiransa tun ina yaro. Yana da wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin masu gudun nan da cikinsu ya kusa taɓa ƙasa. Ta ɗansa ce da ya rasu a Jamus, aka turo ta tare da sauran kayansa. Mutane sun sha ba shi shawara ya sayar ya sayi wadda ta dace da hanyoyinmu, bai taɓa amsa musu ba. Ba ya fita da ita sai ranar Juma'a, sai kuma ranar da zai kai matarsa, Hajiya, asibiti a Bantama saboda ciwon sukari. A hankali yake tuƙa ta, har 'yan trotro, wato direbobin ƙananan bas na haya, su dame shi da oda.

Wata safiya ya kawo mini ita ya ce jar fitilar nan mai hoton batir ta ƙi mutuwa a dashbod, kuma sau biyu sai da aka tura shi kafin ta tashi. Na buɗe bonet na gwada da mita, na ga altaneta ba ta ba da wuta. Bel ɗinta lafiya, wayoyin waje lafiya, matsalar tana ciki. Na ce masa ƙaramin aiki ne, ya dawo bayan kwana biyu. Na kwance ta na canza kabon, wato 'yan guntayen gawayin da ke gogar cikinta, na mayar, babu canji. Na zagaya wajen masu sayar da tsofaffin kayan mota, kowa ya juya ta a hannu ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Mutum uku daban-daban suka ce mini in kai wa tsohon maigidana, shi kaɗai ne zai iya buɗe ta ya tashe ta. Na wuce ta bakin layin rumfarsa da altanetar a cikin buhu, na hango shi zaune a kan bencinsa, na juya na hau mota na koma Asawase.

Da ranar alkawari ta zo, na mayar da altanetar yadda take, na cika batir taf a kan caja, sannan na kwance bayan dashbod na zare ƙwan da ke kunna jar fitilar. Aikin bai kai minti goma ba. Da Baba ya zo ya tayar da mota ya ga babu ja, ya sa mini albarka, ya ce dama ya san ɗan gida ya fi bare. Na gaya wa kaina cewa na mako ɗaya ne kawai, kafin in samo wata altanetar. Na ce masa irin wannan gyara yana son a riƙa dubawa, don haka zan riƙa leƙowa gida. Duk ranar Alhamis da la'asar sai in je da cikakken batir a bayan babur, in ce zan gwada wani abu, in musanya da nasa. Tun da ba ya tafiya mai nisa, batirin yana kai shi ya dawo da shi. Hajiya takan aiko mini da kunu ko wake da shinkafa ina tsugune a gaban motar, ina ci ina godiya. Mako ɗaya ya zama wata biyu. Tun ina neman altanetar har na daina nema, domin dabarar tana tafiya kuma babu wanda ya tambaye ni.

Sai aka yi mana rasuwa a Bawku, ƙanin mahaifiyata. Na tafi da niyyar kwana uku, na yi goma sha ɗaya. Na tuna da motar a hanya, na lissafa cewa Juma'a ɗaya ba za ta cinye batirin ba. Ranar asibitin Hajiya ce na manta da ita. A ranar sun daɗe a layin ganin likita, suna fitowa da rana aka tsuge da ruwa. Baba ya kunna fitilun gaba da abin share gilashi, ga cunkoso, suna tafiya suna tsayawa. A wata 'yar gangara a Krofrom motar ta mutu a tsakiyar titi. Na baya suka dame shi da oda, ruwan kuma ya kori masu taimako zuwa ƙarƙashin rumfuna. Baba ya fito, mutum mai shekara saba'in da wani abu, ya buɗe ƙofa ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya yana turawa don ya kai ta gefe. Motar ta fi ƙarfinsa ta dawo baya, ƙofar ta doke shi ya faɗi a bakin kwata, ƙashin ƙugunsa ya karye. Hajiya tana zaune a ciki, ba ta san inda birki yake ba, sai da motar ta jingina da wata trotro ta tsaya.

Ina Bawku aka gaya mini a waya. Da na dawo na tarar an yi masa aiki yana kwance a gida, motar kuma an jawo ta an ajiye a ƙofar gida an rufe da tamfol. Na shiga gaishe shi tare da jama'a, na yi masa sannu kamar kowa. Da mutane suka tashi ya ce in tsaya. Ya ce wani mai gyara da ya taimaka aka jawo motar ya duba ta, ya gaya masa altanetar ba ta aiki ko kaɗan, kuma ramin ƙwan fitilar a buɗe yake babu komai a ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, da ka ce mini ba ka iya ba, ai da na hau trotro.” Na faɗa masa komai, har da musanyar batir ta ranar Alhamis. Ya saurara har na gama, ya ce in tafi, kuma kada in gaya wa Hajiya, domin tana ganina kamar ɗanta.

Washegari na kwance altanetar na kai wa tsohon maigidana. Na yi zaton zai tuna mini da yadda na tafi, amma ya amsa gaisuwata, ya karɓa, ya buɗe ta a gabana. Wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne suka ƙone a farantin da ke bayanta, irin aikin da ya ce in tsaya in koya. Ya ciro makamantansu daga wata tsohuwa, ya gyara mazauninsu, ya liƙe da dalma. Kafin azahar ya gama. Ya tambaye ni ko ta wace mota ce, na ce ta wani maƙwabci ce, bai ƙara tambaya ba. Na ɗaura ta, na mayar da ƙwan fitilar, motar ta tashi tana cika batir yadda ya kamata. Tun daga ranar ba ta ƙara hawa titi ba. Baba da sanda yake tafiya yanzu, ba ya iya sunkuyawa ya shiga mota mai ƙasa haka, a masallaci ma a kan kujera yake salla. Tasi ke kai Hajiya asibiti.

Shekara huɗu ke nan. Bai gaya wa kowa ba, shi ya sa har yau ake kawo mini aiki a zango ana cewa ina da amana. Na koma wajen maigidana na yi shekarar da ya ce, ina zuwa da safe in buɗe rumfata da yamma. Abin da na gane shi ne ban yi wa Baba ƙarya don in cuce shi ba, na yi ne don kada a ce na kasa, kuma a wajen wanda ya karye duk ɗaya ne. Ina kira ga 'yan'uwana masu aikin hannu, idan abu ya fi ƙarfinku ku faɗa tun mai shi yana tsaye a gabanku, ku nuna masa wanda ya iya ko da ba kwa ga maciji da shi. Masu mota kuma, idan kun murɗa makulli kafin inji ya tashi, ku duba jar fitilar batir. Dole ta kama sannan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, ku tambayi wanda ya taɓa motar. Ni dai ina zuwa gaishe da Baba duk mako, yana amsawa da sakin fuska, yana tambayar iyalina. Da fankar ɗakinsa ta lalace bara, ina zaune a wurin, ya aika aka kira wani.