Ƙaurin Buntu a Zanen Goyo

A ƙauyenmu na gefen Kura, duk zazzaɓi sunansa ɗaya. Ruwa ba ya yankewa a kanal rani da damina, sauro ya zama ɗan gida, don haka in jikin yaro ya yi zafi ba a tsayawa tambaya, kemis ake aikawa a karɓo maganin maleriya. Haka na yi wa autata tana wata tara. Kwana uku ina ɗura mata, zafin bai sauka ba, sai ma tari da ya ƙaru.

Sana'ata turara shinkafa. Ganguna biyu gare ni a tsakar gida, kuma da buntu nake hura wuta. Wanda ya san hayaƙin buntu ya san ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a gida yana cin ido. Surukata ta saurari tarin ta ce, "Sanyin kanal ne ya shige ta. Goya ta ki tsaya kusa da wuta, ɗumi take so." Ba zan ɗora mata laifi ba, ni ma tunanina ke nan. Har daɗi na ji, wai ga aiki ga magani. Na saka mata rigar sanyi, na naɗe ta da zane biyu, na yi wuni biyu cur a bakin ganga tana bayana.

Washegari da hantsi na sauke ta in ba ta nono. Ta kama ta saki, ta kama ta saki. Ba kuka take ba, wani ɗan nishi ne ke fita da kowane numfashi, leɓenta ya yi duhu. Na sungume ta na bi gefen kanal a guje, ko takalmi babu, don maigidana yana gona.

Ya hango ni ya ɗaga murya, "Yau ne fa layin ban ruwanmu, in na bari sai wani makon!" Na juyo masa da fuskarta kawai. Ya yar da shebur a cikin kwami, ya tayar da babur.

A asibiti wata nas ta karɓe ta, ta dinga yaye zannuwan tana tsaki. Da ta kai ga fata ta ce, "Maman yarinya, matso ki gani." Duk jan numfashi sai ƙasan haƙarƙarinta ya lotsa ciki, kamar ana danna ƙullu da yatsa. Tun ranar da aka ce sanyi ne ban ga ƙirjin 'yata ba, ko wanka na hana ta. Da hannuna na rufe abin da zai gaya mini gaskiya.

Aka zura mata robar iska a hanci. Likita ya ce nimoniya ce mai tsanani, irin ta bairas, wadda allura ba ta kashewa. Za su tallafa mata da iska da ruwa, sauran sai jikinta da ikon Allah. Ya ɗauki zanen goyon ya sansana.

"A bakin wuta kike aiki da ita?"

Na ce e. Ya ajiye zanen ya ci gaba da aikinsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyar idona na kan wannan ƙirji, ko salla na idar can nake fara dubawa. Tsoro nake ji in kau da kai ya tsaya. A rana ta biyar ta kama nono ba ta saki ba, na yi ta kuka har nas ta ce in yi a hankali kar in firgita ta.

Da muka dawo, gangunan suna waje, bayan katanga. Surukata ce ta sa aka fitar da su. Ita ta wanke zanen da kanta, har sau uku, ƙaurin bai fita ba.

Yarinyar ta shiga firamare yanzu, amma ƙirjinta na shaƙewa duk lokacin casa. Ko atishawa ta yi sai na ɗaga rigarta. Takan ture hannuna ta ce, "Umma, lafiyata ƙalau fa." Nakan ce na sani. Ba na sakin rigar sai na gani da idona.